Me Zai Rage a Hannun Mace Bayan An Naɗe Tabarmar Shiri?

Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware 2026 a matsayin shekarar mace manomiya ta duniya, bisa ƙudurin da aka amince da shi a 2024. Irin wannan sanarwa takan zo da taruka da jawabai da hotunan mata riƙe da fartanya, kuma wani abu daga ciki yakan iso Dutse, daga nan ya bi hanya zuwa Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Ba yau farau ba. Tun 1988 aka shigar da sashen mata cikin hukumomin raya aikin gona na jihohi da tallafin Bankin Duniya, lokacin ma wannan yanki yana cikin tsohuwar Jihar Kano, don sai a 1991 aka ƙirƙiro Jigawa. Shirin Fadama ya biyo baya kashi-kashi har sau uku. Ƙungiyar Sasakawa ta Japan ta shigo Najeriya a 1992. Asusun bunƙasa noma na duniya, IFAD, ya gudanar da manyan shirye-shirye biyu a jere a jihohin arewa, kuma Jigawa na cikin duka biyun. A Disamban 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin arewa 19 da Abuja. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da bai ambaci mata a takardunsa ba. Bayan fiye da shekara talatin ana wannan hidima, lokaci ya yi da za a tambaya: idan shiri ya ƙare, motocin suka koma inda suka fito, me yake raguwa a hannun matar da aka ce don ita aka zo?

Ra'ayina shi ne da wannan tambaya kaɗai ya kamata a auna duk wani haɗin gwiwa da ƙasashen waje kan mata da noma. Yawan matan da suka halarci bita ba ma'auni ba ne, haka ma yawan buhunan da aka raba a gaban kyamara. Abin dubawa shi ne dukiyar da ta zama tata, wadda take iya juyawa ba tare da jiran kowa ba: akuyar da ta rayu ta haihu, jarin da ya zagayo, gonar da aka san tata ce, da mai saye da ya san ƙofar gidanta. Kuma ba za a kai ga wannan ba sai an nemi matar a inda take aikinta na gaskiya, wanda a wannan yanki mafi yawansa a cikin gida yake.

An daɗe ana maimaita cewa mata ne ke yin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na aikin gona a Afirka. Maganar ta yi daɗin faɗi har ta zama kamar karatu. Amma da masu bincike na Bankin Duniya suka bi bayanan gida-gida a ƙasashe shida, sai suka samu kason mata a aikin noman amfanin gona kusan kashi 40 ne; a Najeriya kashi 37, a arewacinta kuma kashi 32, yayin da a kudu ya kai 51. Duk wanda ya san Gwiwa ko Roni ba zai yi mamaki ba. Matar aure mai ƙuruciya a gidan Bahaushe ba ita ke huɗa ba, ba ita ke noman farko da maimai ba. Waɗanda ake gani a gona su ne dattawan mata, da waɗanda mazajensu suka rasu, da matan gidajen da talauci ya matsa, sai kuma lokacin roron wake da tsinkar gyaɗa. Wanda ya ɗauki wannan adadi ya ce ashe mata ba su da wani tasiri a noma, ya yi kuskure babba, domin abin da aka ƙidaya aikin da ake yi a tsakiyar gona ne kawai. Tun a ƙarshen shekarun 1960 Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna cewa akwai kasuwa sukutum da ke ci a cikin gidaje, mata na saye da sayarwa da sarrafa hatsi ba tare da sun taka bakin zaure ba. Wannan kasuwa tana nan har gobe. Shirin da aka tsara shi da hoton mace mai fartanya a ka, zai raba iri da taki da injin feshi, kayan kuma za su bi hanyarsu ta halitta zuwa gandu, wato hannun maigida. A rahoto za a rubuta cewa mata sun amfana.

A dubi gyaɗa. Namiji ya nome ta ya kawo gida, ko matar ta aika a auno mata a kasuwa ranar da take ci. Daga nan aikin ya koma hannunta: a ɓare, a tsince ruɓaɓɓiya, a soya a kasko, a murje, a fece ɓawon, a aika yarinya da ita inji a markaɗo. Sai a dawo a yi ta juya kullun ana ɗiga ruwan zafi har mai ya taso, a matse tunkuza da ƙarfin damtse, a mulmula, a soya ƙuli-ƙuli a cikin man da aka fitar. Yini guda ke nan, da hayaƙi da ciwon baya. Ribar duka tana tsakanin farashin gyaɗar da ta saya da abin da kwalbar mai da ƙuli za su kawo, kuma abubuwa uku ke cinye ta. Ba ta da jarin da za ta sayi gyaɗa da kaka lokacin da take araha, sai ta riƙa saye kwano-kwano da bazara lokacin da ta yi tsada. Kuɗin markaɗe ya haura tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Itacen suya ma kullum ƙara nisa yake. Duk wanda ke son ya ƙarfafa wannan mata, ga wuraren da zai sa hannu a fili: jarin sayen kaya da kaka, da wurin ajiya, da injin markaɗe da matsar mai wanda ƙungiyar matan unguwa ta mallaka, da murhun da ba ya cin itace da yawa. Babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar ta fita daga gidanta, babu kuma wanda zai koma gandu.

Zoɓo ya fi nuna yadda hannun matar karkara ya kai kasuwar duniya alhali aljihunta bai kai ba. Jigawa na kan gaba a noman zoɓo a Najeriya, kuma ƙasar rairayi ta kan iyaka, daga Babura zuwa Maigatari, tana cikin inda ya fi karɓuwa. Aikin da ya fi cin rai a zoɓo shi ne ɓararsa, a raba jan furen da ƙwallon gurguzu ɗaya bayan ɗaya, ƙaiƙayi na cin yatsu. Mata da yara ne ke wannan zama, ana biyansu ladan awo. Daga hannunsu kayan ke wucewa wurin ɗan kasuwa, zuwa rumbunan Kano, zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, zuwa Meziko inda ake shan sa kamar yadda muke sha. A shekarun baya Meziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da aka samu a cikin kaya, aka ɗauki shekaru kafin ƙofar ta sake buɗewa. Haka Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Abin lura a nan shi ne duk abin da mai saye na waje ke nema, wato tsabta da bushewa da rashin yashi da rashin guba, a matakin da ke hannun mata ake samun sa ko a rasa shi. Ga buhun ajiya mai leda biyu a ciki da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ake kira PICS, ana yin sa a Kano, yana kashe ƙwarin wake ba tare da ɗigon magani ba. Wannan haɗin gwiwa ne da ya yi amfani domin ya bar wani abu a kasuwa wanda kowa zai iya saye da kuɗinsa. Abin da ya rage shi ne a haɗa ƙungiyoyin mata masu ɓarar zoɓo kai tsaye da masu fitar da kaya, a ba su tamfol na shanya da ma'auni na gaskiya, a kuma biya su bisa ingancin kaya. Idan ƙasar da ke shan zoɓon tana son ta taimaki mata, ta fara da tambayar nawa aka biya wadda ta ɓare shi.

Sai akuya, wadda ita ce ajiyar mace tun kafin a san banki. Ita ake sayarwa idan yaro ya kwanta, ita ke haɗa kayan ɗaki, ita ke cike giɓi idan rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya nuna. Lokacin da gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya mulki jihar daga 2015 zuwa 2023, ta raba wa mata awaki uku-uku a matsayin rance, mutanen birni da yawa sun yi dariya. Ni ina ganin a wannan karon an gane inda dukiyar mace take. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Annobar awaki da tumaki da likitocin dabbobi ke kira PPR tana iya share turke cikin kwanaki, kuma tana da rigakafi mai araha wanda allura ɗaya ke kare dabba shekaru. A 2015, a birnin Abidjan, hukumar abinci da noma ta FAO da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da cutar baki ɗaya nan da 2030. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin rigakafin, tana kuma yin na annobar kaji mai jure zafi. To wa zai kai allurar cikin gida? Ma'aikacin dabbobi namiji ne, a bakin zaure yake tsayawa, awakin da ke ɗaure a bayan ɗaki kuma ba kullum ake fito da su ba. Kuɗin waje da za a kashe wajen horar da mata biyu ko uku a kowace mazaɓa kan allurar awaki da kaji, a ba su akwatin sanyi mai aiki da hasken rana, a bar su su riƙa karɓar ɗan lada, zai ceci dukiyar mata fiye da rabon sababbin dabbobi da za su mutu a damina ta farko. Da rani kuma ciyarwa ce matsala, don haka irin wake mai ba da ƙwaya da harawa tare, wanda cibiyar binciken noma ta IITA ta daɗe tana aiki a kansa a Kano, maganar mata ce ko da a gonar miji aka shuka shi.

Misali mafi ƙarfi da ke goyon bayan abin da nake faɗi yana nan kusa, a ƙasar Hausa. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani ɗan shiri a yankin Maraɗi da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo jari daga waje ba. An ɗauki adashin da mata suka gada, aka ƙara masa tsari: mata ashirin da wani abu zuwa talatin su riƙa haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda, a ajiye a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku wanda makullansa ke hannun mata uku daban-daban, a ranta wa mai buƙata ta juya ta dawo da shi, a ware wani ɗan asusu na jaje da haihuwa, a ƙarshen zango a fasa a raba. Aikin baƙin shi ne koyar da tsarin na wasu watanni, daga nan su janye. Ƙungiyoyin suka ci gaba, maƙwabta suka kwaikwaya ba tare da an aiko kowa ba, kuma a yau wannan tsari da aka haifa a tsakanin matan Hausawa ana aiki da shi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, da mambobi miliyoyi. Dalilin ɗorewarsa a bayyane yake. Kuɗin nasu ne, don haka babu mai cewa rabon gwamnati ne a ci a sha. Dokar tasu ce. Ranar da shirin ya ƙare babu abin da aka ɗauke. Inda ake da damuwa kan ƙarin da ake ɗorawa a kan rance, malamanmu na da hanyoyin ciniki da tarayya a riba da fiƙihu ya tanada, kuma an riga an gwada irin wannan gyara a wuraren Musulmi.

Daga Babura zuwa ƙasar Magarya a Jamhuriyar Nijar tafiya ce ta ɗan lokaci, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, ƙasa iri ɗaya. A can tsallaken ne manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da itatuwa a kan kimanin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ta hanyar da suke kira sassaben zamani: maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture lokacin sharar gona, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a riƙa yi masa aski har ya zama bishiya. Gawo ya dawo gonaki, kuma wadda ta fi kowa cin moriya ita ce mai neman itacen girki da abincin awaki. Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, an kuma sha dasa itatuwa ana barinsu ga ƙishi da haƙoran dabbobi. Abin takaici ne a ce idan muka ambaci haɗin gwiwa da waje hankalinmu sai ya tafi Landan da Washinton, alhali malaman da suka fi dacewa da mu suna tsallaken iyaka. Rufe iyakar da aka yi daga 2019 zuwa ƙarshen 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, sun nuna yadda siyasar manya ke yanke wannan zumunci, mata masu ƙaramin ciniki kuma su ne ke fara ji a jika. Ɗaukar shugabannin ƙungiyoyin mata daga Gwiwa da Babura su je su zauna mako guda da takwarorinsu na can ba zai ci kuɗin taron otal ɗaya ba.

Maganar ƙasa ita ce mai nauyi, kuma ita ce shirye-shirye suka fi kauce wa. Shari'a ta ba 'ya mace rabonta a gadon uba, ta ba matar mamaci tumuni ko rubu'i, ta kuma hana miji taɓa dukiyar matarsa sai da yardarta. A aikace kuwa, gonar gado takan zauna a hannun 'yan'uwa maza da sunan kada a raba gida, a riƙa aika wa mace ɗan dami da kaka, ko a biya ta kuɗin da bai kai ba. Wannan zalunci ne, kuma namu ne, ba wani baƙo ya kawo mana ba. Inda baƙi ke shigowa shi ne lokacin da kuɗinsu ya ƙara wa ƙasa daraja. A Gambiya, a 1984, an buɗe aikin noman shinkafa na Jahaly-Pacharr da kuɗin masu ba da tallafi, ciki har da IFAD, da alkawarin cewa mata, waɗanda su ne manoman shinkafa na asali a can, za su riƙe filayen. Da ruwa ya zo, amfani ya ninka, sai filayen suka koma ƙarƙashin ikon masu gida, mata suka zama masu aiki a ƙasar da suka saba nomawa don kansu. Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Ga dam ɗin Ayuba a Kazaure, ga aikin noman rani na Gari da ya haɗa Kano da Jigawa, ga famfunan ban ruwa masu aiki da hasken rana da ke ƙara yawa. Duk fadamar da aka gyara da kuɗin shiri, a rubuta kason mata da sunayensu tun kafin a haƙa magudanar farko. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, don haka ba sai an jira Abuja ba. Mace ba sai ta riƙe fartanya ba kafin gona ta zama tata. Tana iya sa ɗanta ko 'yan ƙwadago su nome mata, kamar yadda attajirai ke yi ba wanda ya ce gonar ba tasu ba ce.

Na san abin da wasu za su ce: duk wannan hanya ce ta fitar da mata daga gidajensu, kuma baƙo ba ya kawo alheri a banza. Wannan zargi ba daga sama ya faɗo ba. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ya jawo a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, suna da dalilin yin tambaya, kuma wajibi ne duk mai shigowa ya bayyana ko shi wane ne, kuɗin wa ya kawo, me yake nema. Amma a sake duba abubuwan da aka lissafa a sama. Wanne ne ya saɓa wa addini? Mace ta mallaki dabba, ta yi ciniki, ta karɓi gadonta, duk haƙƙoƙi ne da Musulunci ya tabbatar mata ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Hanyar isar da ilimi ga mata a cikin gidajensu ma muna da tamu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa 'Yan Taru, inda jajis, dattawan mata amintattu, ke ɗaukar karatu su kai wa matan ƙauyuka. Malamar gona da ke shiga gida-gida kan wannan tafarki take. Wanda ke kishin mutuncin mace ya kamata ya fi kowa son ta samu sana'ar da za ta riƙe ta a ɗakinta, domin yunwa ce ke fitar da mata titi.

Wasu kuma za su ce maza ma a cikin wahala suke, me ya sa za a ware mata? Gaskiya ne manomin Roni da ke fama da ƙasa mai duwatsu da tsadar taki ba ya cikin daɗi, kuma shirin da ya mai da miji abokin gaba ya kashe kansa tun daga zaure. Sai dai a gidan Bahaushe aljihun miji daban, na mata daban, kuma kowa ya san inda na matar ke tafiya: cefanen da bai cika ba, sabulu, maganin zazzaɓi, kuɗin makarantar allo da na boko, kayan ɗakin 'ya. Idan hatsin gandu ya ƙare a tsakiyar damina, sau da yawa akuyarta ce ke riƙe gidan. Ƙarfafa wannan aljihu sauke wa miji kaya ne. Bugu da ƙari, binciken Bankin Duniya ya gano cewa a arewacin Najeriya gonar da mace ke gudanarwa tana ba da amfani ƙasa da ta namiji da kimanin kashi 28 cikin ɗari, ko bayan an yi la'akari da bambancin kayan aiki. Wannan hatsi ne da gidan gaba ɗaya ke asara.

Akwai wani ƙorafi da ni kaina nake ganin ya fi waɗannan ƙarfi, kuma masu tsara shiri ba su cika son jin sa ba. Kasuwar cikin gida da ake yabo a kan kan yarinya take tafiya. Ita ke kai markaɗe, ita ke ɗaukar farantin ƙuli da ƙosai ta zaga gari. Idan aka ƙara wa uwa jari ba a canza hanyar sayarwa ba, an ƙara wa 'yar talla, an kuma rage mata aji. Shi ya sa nake nacewa kan sayarwa a dunƙule: ƙungiya ta tara man gyaɗa ko zoɓo ko raguna, mai saye ya zo wuri ɗaya ya ɗauka, a yi ciniki ta waya, kuɗin ya shiga asusun matar. Duk shirin da ya zo ya rubuta, daga ranar farko, 'ya'ya mata nawa ne na mambobinsa ke makaranta, ya sake ƙidayawa ranar rufewa.

Sai batun kuɗin kansa. Mutane da yawa ba su san cewa mafi yawan abin da ake kira tallafin Bankin Duniya da na IFAD rance ne ba, mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi, amma dai bashi ne da jikokinmu za su biya. Kyautar ma tana janyewa. Birtaniya ta rage kason agajinta daga kashi 0.7 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, ta kuma sanar a 2025 cewa za ta sauko da shi zuwa 0.3. A 2025 ɗin ne gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta agaji, USAID. Wasu za su ce to a haƙura da baƙi gaba ɗaya. Ban yarda ba, domin rigakafin dabbobi da ingantaccen iri da ƙofar kasuwar waje abubuwa ne da ba ƙauyen da zai samar wa kansa. Abin da wannan yanayi ke koya mana shi ne kuɗin da ya rage kaɗan ne, kuma tunda bashi ne muna da ikon mu tambaya. Duk naira da ta tafi a motoci da alawus da tarukan otal a Dutse da Abuja, an ɗauke ta ne daga bakin turken wata mata a Gwiwa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo a 2003, suka sabunta a Malabo a 2014, cewa za su ware kashi 10 na kasafinsu ga noma. Albashin malamar gona da kuɗin man babur ɗinta daga nan ya kamata su fito, don kada aikinta ya mutu ranar da shiri ya rufe.

Yankin nan ba ya rasa wuraren da za su ɗauki wannan aiki. Kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu tana Kazaure, cibiyar bincike ta jiha ma tana can, an kuma kafa jami'ar fasaha ta tarayya a Babura a 2021. Waɗannan za su iya ƙera injin matsar mai da na ɓarar zoɓo da makanikin gari zai iya gyarawa, su kuma horar da 'yan matan yankin da suka gama sakandare a matsayin malaman gona da masu allurar dabbobi. Kira nake ga Gwamna Umar Namadi da hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA: kafin a sa hannu kan wata sabuwar yarjejeniya da sunan mata, a sa sharaɗin cewa shekara biyu bayan rufe shirin za a koma ƙauyukan a ƙidaya ƙungiyoyin da ke raye, da injinan da ke aiki, da filayen da har yanzu ke hannun matan da aka rubuta, a kuma karanta sakamakon a rediyo da Hausa. Ga masarautun Kazaure da Ringim, da hakimai da dagatai da limaman Juma'a, roƙona shi ne su sa baki a raba gonakin gado da suka daɗe a hannun 'yan'uwa maza, a ba kowace mace nata tun tana da rai.